Fuskar da Aka Ara wa Malama Hauwa'u

Da aka ce za a gyara shafin jaridar Sautin Gabas na intanet, Garzali na cikin waɗanda suka fara yin hamdala. Tsohon shafin ya yi munin da masu shi ma kunyar nuna shi suke yi. Rubutu ƙanana a cunkushe, labarin jiya a ƙarƙashin na bara, talla ta hau kan kanun labari ta zauna daram. Wanda ya buɗe shi a ƙaramar waya sai ya yi ta jan rubutu hagu da dama kafin ya ga ƙarshen layi ɗaya. Amma duk muninsa yana da hali guda mai kyau, makullinsa na hannun Garzali. Shi ne wakilin jaridar a Gaya da Ajingi tun tana fitowa a takarda, kuma in ya zauna a gindin darbejiyar bakin tasha ya rubuta labari, da kansa yake danna shi ya hau, ba ragi ba ƙari.

Sabon shafin kuwa, a faɗi gaskiya, ya yi kyau. Rubutu manya tas, ko mai ciwon ido ya karanta. Kowane labari da ɗan akwatinsa, hoto a sama, kanu a ƙasa. An tara wakilai a Kano aka ba su lemo da cincin, wani ƙwararre mai siririn gilashi ya yi musu bayani da majigi cewa an auna an gano idon mai karatu fuska yake fara nema kafin rubutu. Garzali ya gyaɗa kai tare da kowa. Daga nan aka kafa doka biyu. Ta farko, babu labarin da zai hau sai da hoto. Ta biyu, kowane labari sai ya bi ta teburin Kano, inda wani matashin edita mai suna Anas zai duba shi ya sake shi.

Garzali bai yi gardama ba, don ba mai gardama ba ne. Ya koma ɗaukar hoton duk abin da ya gifta masa: buhunan gyaɗa a kasuwar Ajingi, kwalbatin da ruwa ya cinye, jerin 'yan acaɓa a gidan mai. Ta kai ko ramin hanya zai ɗauka sai ya zagaya ya nemo ɓangaren da ya fi fitowa. Matarsa Hanne har tsokanarsa take yi, wai ya tsufa ya zama mai hoto, saura ya fara zuwa gidan biki.

Ana cikin haka, da kaka, Allah ya karɓi ran Malama Hauwa'u.

Wanda ba ɗan Gaya ba ne sai an yi masa bayani. Malama Hauwa'u ita ke da makarantar matan aure da ke cikin gidan malaman nan na bayan kasuwa. Tun ba a san wata Islamiyya mai benci da allon bango ba take karantar da mata a tsakar gida. Daga Kademi ake zuwa, daga ƙauyukan Ajingi ake zuwa, wasu a kan babur, wasu a ƙafa da goyo. Garzali kansa a gabanta ya fara koyon baƙaƙe, ba'u da sinu, yana ɗan mitsitsi, kafin a mayar da shi zaure wurin maza. Hanne kuma har makon da Malama ta kwanta tana zuwa ɗaukar karatu.

Kuma duk wanda ya santa ya san abu ɗaya, ba a ɗaukarta hoto. Ba ta taɓa cewa haramun ne a kan wani ba, ita dai ba ta so. A walimar sauka in ta ga wayoyi sun ɗaga sama, sai ta ja mayafi ta yi shiru, kuma ba za ta ƙara cewa uffan ba sai an sauke su. In ɗalibai suka dame ta da roƙo sai ta ce, "Abin da na koya muku za ku riƙe, ba hancina ba." Hotonta ɗaya ne a duniya, na fasfon aikin Hajji, shi ma ta ce lalura ce, tana dawowa ta sa ɗanta ya kulle shi.

Ɗan nata, Malam Muhyiddeen, shi ne babba a gidan yanzu. Garzali ya same shi a zaure wajen zaman makoki, ya jira har mutane suka ɗan ragu, sannan ya matsa ya durƙusa.

"Allah ya gafarta Malam, ina neman izini in rubuta wani abu a kan Malama. Bai kamata irinta ta tafi a yi shiru ba."

Malam Muhyiddeen ya amsa yana jan carbi. "Wasu 'yan jarida sun kira daga birni, na hana. Ba na son a mayar da Inna abin kallo. Amma kai ɗan gida ne, Garzali, a hannunta ka buɗe baki. Ka rubuta. Sai dai ka san sharaɗinta."

"Na sani, Malam."

"Ba hoto. Ko na inuwarta."

"Wannan a wuyana yake," in ji Garzali, har da dafa ƙirji.

Ga inda ya yi wautar da ba ya yafe wa kansa. Ya ɗauki alkawari da bakin mutumin da makulli ke hannunsa, alhali an daɗe da karɓe makullin. Shekaru da yawa yana cewa "a wuyana" kuma abin ya tabbata, shi ya sa bakinsa ya riga tunaninsa.

Ya koma gida ya rubuta, kuma bai taɓa rubuta abin da ya kai wannan ba. Ya rubuta yadda take sauraron hadda tana ɓarar gyaɗa, in an yi kuskure ba ta ɗago kai, sai dai hannun ya tsaya cak, kuma mai karatu ta san ta koma baya. Ya rubuta labarin tsohuwar nan ta Kademi da ta fara alifun da jikoki a gabanta, 'yan mata suna dariya, Malama ta ɗauke ta ta zaunar a kusa da ita har ta sauke. Ya rubuta yadda take korar mace gida in ta ji ta bar mara lafiya ta taho karatu. Yana rubutu yana share ido, Hanne na gefe tana tuna masa abin da ya manta.

Da ya zo wurin hoto, akwatin ya ƙi wucewa kamar kullum. Sai ya koma ƙofar makarantar ya ɗauki hoton takalman matan da suka zo gaisuwa, silifa da soso da na roba, jere har bakin kwata. Ya ga ya dace, har ya ji daɗin dabararsa. Ya tura, ya rubuta wa Anas a ƙasa cewa marigayiyar ba ta yarda da hoto ba, don Allah a bar wannan yadda yake.

Washegari da hantsi yana gyara sarƙar babur a ƙofar gida sai ga Hanne ta dawo daga gidan makoki, da sauri kamar an biyo ta. Ko sallama ba ta ƙarasa ba ta miƙa masa waya.

"Malam, wace ce wannan?"

Ya karɓa. Kanun labarinsa ne, sunansa ne a ƙasa. A sama kuwa wata dattijuwa ce fara, mai kumatu, cikin farin hijabi mai sheƙi, da gilashi da carbi, tana murmushi haƙora a jere kamar ba ta taɓa cin goro ba. Bayanta wasu littattafai ne masu ruwan zinare. Malama Hauwa'u siririya ce baƙa, kuma ba ta taɓa sa gilashi ba.

"A tsakar gidan ake ta miƙa ta hannu zuwa hannu," in ji Hanne. "Kowa sai ta kalle ni. Ni na ce musu kai ne za ka rubuta, har ina alfahari. Wallahi ƙasa na so ta tsage."

Hannunsa duk baƙin mai ya kira Anas.

"Baba Garzali! Ina kwana? Kai, labarinka ya yi wuta fa, tun safe shi ne a sama."

"Anas, hoton wa ka sa?"

"Ai shi ne daɗin abin, Baba, ba hoton kowa ba ne. Na ga saƙonka, na kiyaye. Kwamfuta na sa ta zana. Babu wannan matar a duniya, ka ga ba a shiga haƙƙin kowa ba ke nan."

"Ina hoton da na turo?"

"Takalman? Baba, a sabon tsari labarin rasuwa fuska ake sa masa. Manaja ya hana hoton ƙofa da allo da irinsu, ba a danna su. Kuma na rubuta a ƙasa cewa hoton misali ne, duba ka gani."

Garzali ya duba. Yana nan kuwa, da rubutu ɗan firit mai ruwan toka, wanda sai ka buɗe labarin ka gangara za ka gan shi. Amma mutanen Gaya ba a shafi suke fara ganin labari ba, a WhatsApp ake turo musu. A can kuwa abu biyu ne ke fitowa, fuska da suna.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne yaron ba mugu ba ne. Da mugu ne da ya zage shi ya huce. Anas da zuciya ɗaya ya yi, har yana jiran a yaba masa.

"Ka cire shi yanzu," in ji Garzali.

"Labarin da ke sama ba na iya taɓa shi sai manaja ya sa hannu, kuma yana taro. Yana fitowa zan gaya masa, in sha Allahu."

Manaja bai fito daga taro ba sai da rana ta yi sanyi. Kafin nan fuskar ta gama gari. An ɗauke ta daga shafin an sa a sitatus, an yi mata ado da furanni, an rubuta addu'a a ƙasa, wani ma ya haɗa ta da karatu mai taushi ya mayar da ita bidiyo. 'Yan Gaya da ke Legas da Fatakwal suna ta turowa gida suna cewa ashe haka Malama take, Allah ya jiƙanta, ga haske a fuska. Da yamma aka cire fuskar aka sa hoton takalma a shafin, amma wa ya koma ya duba?

Anas ya sake kira, wannan karon muryarsa a sanyaye.

"Baba, ka yi haƙuri, ban san abin zai kai haka ba. Amma akwai mafita ɗaya. Hoton ƙarya ba ya mutuwa sai an fito da na gaskiya. In iyalan suna da ko na fasfo ne, mu sa shi da babban kanu, mu ce ga ainihin Malama. Gobe war haka an manta da wancan."

Da Garzali na cikin hayyacinsa da ya kashe wayar. Amma wanda kunya ta rufe, duk ƙofar da aka nuna masa sai ya ɗauka mafita ce. Ya kwana yana juya maganar har ta fara yi masa kama da hankali. Da safe ya sa babbar riga ya nufi gidan malamai.

Zauren a cike yake. Ya yi sallama aka amsa ƙasa-ƙasa, ba wanda ya matsa masa wuri a tabarma. Ya durƙusa a bakin ƙofa, wurin da baƙi ke tsayawa. Ya ba da haƙuri, ya yi bayanin teburin Kano da manaja da kwamfuta, yana jin yadda bayanin ke fita daga bakinsa ba daɗin ji. Malam Muhyiddeen bai katse shi ba. Da ya ga an yi shiru, sai ya ɗauka an sassauto, ya kawo maganar fasfo.

Carbin ya tsaya a hannun Malam.

"Garzali, maimaita, ban ji ba."

Garzali ya sunkuyar da kai.

"Wato ka zo in ba ka na gaskiyar ka wanke na ƙaryar da shi. Abin da ta tsare tun kafin a haife ka, ni in buɗe akwati in miƙa maka, don ka gyara sunanka a wurin aiki." Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi sauƙi. "Jiya ƙanwarta ta ga abin nan ta yi kukan da ba ta yi ba ranar rasuwar. Ta ce an binne Yaya an kuma sauya ta. Ni ban tambaye ka wa ke danna me a Kano ba. Kai na tambaya, kai ka ce a wuyanka."

"Haka ne, Allah ya gafarta Malam."

"To ga abin da nake so. Ku cire sunan Inna daga shafinku gaba ɗaya. Hoton, rubutun, duka. Kuma daga yau in wani abu ya faru a gidan nan, daɗi ko wuya, ba da kai ba. Ka zo sallah, ka zo jana'iza, ba mai hana ka. Amma ka bar wayarka da alƙalaminka a gida."

Wani dattijo ya ce a yi haƙuri, ɗan gida ne. Malam Muhyiddeen ya ce ai shi ya sa. Daga nan ya juya ya ci gaba da amsa gaisuwar wasu baƙi da suka zo daga Wudil.

An cire labarin kafin azahar. Wannan kam manaja bai ɓata lokaci ba, don an ce masa malamai sun yi fushi. Duk wanda ya danna bayan nan sai shafin ya buɗe fes, da kyakkyawan rubutunsa manya, ya ce masa ba a sami abin da yake nema ba, ga wasu labarai da za su iya burge shi. Ɓarar gyaɗar, da tsohuwar Kademi, da matar da aka kora gida ta yi jinya, duk suka tafi. Mutane ƙalilan ne suka karanta su tun farko, yawanci hoton suka gani suka tura gaba.

Hanne ta daina zuwa makarantar, ko da yake babbar ɗalibar Malama ta ci gaba da karantarwa. Ba wanda ya kore ta. Ta ce dai ba za ta iya zama a tsakar gidan nan ana kallonta ba. Ba ta ƙara tsokanarsa da mai hoto ba, kuma ya gwammace tsokanar da wannan ladabin da ta koma yi masa.

Bayan an kwana biyu aiki ya kai shi Ajingi ranar kasuwa, zai ɗauko farashin hatsi. Yana sauka daga babur ya ga fuskar hoton nan a bayan wata adaidaita sahu, an manna ta tsakanin lambar mota da hoton wani ɗan ƙwallo. Ya kawar da kai. Ya shiga layin 'yan gyaɗa ya sake ganinta a jikin rumfar mai shayi. A bakin tashar motocin Kano kuwa ya tarar da tushen abin, wani mai sayar da kalanda da sitika ya baje kaya a ƙasa, ga ta nan jere, manya da ƙanana, an rubuta Malama Hauwa'u Gaya da koren rubutu.

Ya tsaya a kansa. "Malam, wannan ba ita ba ce."

Mutumin ya ɗago ya dube shi sama da ƙasa. "Ranka ya daɗe, daga jarida aka ciro ta fa. Ka fi jarida sani ne?"

Garzali ya ja da baya. Katin aikinsa na cikin aljihu, ya ji kamar ya yi masa nauyi.

Sai ga wata tsohuwa ta iso da ƙullin kuka da daddawa a hannu. Ya gane ta tun kafin ta ƙaraso, Iya Sa'adiya ce ta Kademi, wadda ta fara alifun da jikoki a gabanta, wadda ya rubuta labarinta. Shekara da shekaru tana zama gwiwa da gwiwa da Malama. Ransa ya ɗan yi sanyi, ya ce yau ga wadda za ta faɗa da bakinta. Ita ba ta lura da shi ba. Ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki sitika ɗaya, ta kai ta kusa da ido, ta nisanta, ta sake kusantowa.

"Allah sarki Malama," ta ce. "Ta ɗan yi ƙiba a nan. Amma ita ce, ga murmushin nan."

"Iya," in ji Garzali, "ki duba da kyau."

"Na duba, ɗan nan. Ni za a gaya wa Malama?" Ta shafa fuskar da babban yatsa, ta kwance bakin zane ta biya, ta soke sitikar a cikin hijabi ta wuce tana yi mata addu'a.

Garzali ya koma gefen wata mota ya jingina. Haushi ya cika shi, na Anas, na manaja, na mai siririn gilashi, na kansa fiye da kowa. Ya ce a ransa ko duniya duka ta ruɗe, shi dai ya san fuskar da ta koya masa karatu. Ya rufe ido don ya kira ta. Ya san siririya ce, ya san baƙa ce, ya ga mayafin, ya ga hannun a cikin ƙwaryar gyaɗa. Da ya ɗaga zuwa fuskar sai ga kumatu da gilashi da fararen haƙora. Ya buɗe ido ya sake rufewa da ƙarfi, ita ce dai ta sake zuwa.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Anas ne, yana tambaya ko farashin hatsin ya samu, kuma don Allah a haɗo da hoton wani ɗan kasuwa yana dariya.